Burushi ko sandunan tauna: wanne za a saya wa kare mai warin baki?

Malam, tsakanin burushi da man goge bakin karnuka, da kuma sandunan tauna da ake sayarwa a leda, ka sayi burushin da mansa. Na yi amfani da duka biyun a gidana, kuma ban ga wani kusanci tsakaninsu ba.

Karen da ya gama girma yana da haƙora 42, kuma bayan kowane cin abinci wata dauɗa mai santsi, cike da ƙwayoyin cuta, takan lulluɓe su. Muddin tana da laushi, gogewa kaɗan ke ɗauke ta, amma idan aka bar ta na 'yan kwanaki, sinadaran da ke cikin miyau sukan daskarar da ita ta zama ɓawo mai tauri, launin ƙasa-ƙasa, wanda ake gani a gindin fiƙoƙi da manyan haƙoran baya. Ɓarnar duk tana faruwa ne a inda haƙori ya haɗu da dasashi: dasashin ya kumbura, ya riƙa zubar da jini, ya janye, daga baya ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya zaizaye har haƙorin ya fara girgiɗi. Daga nan warin yake tasowa a mafi yawan lokuta, kuma akasarin karnukan da suka wuce shekara 3 sun riga sun fara nuna alamar wannan ciwo. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa kowane kaya ita ce, shin yana taɓa bakin dasashi ko ba ya taɓawa? Gashin burushi yana shiga wurin.

Karyar da ke mana gadi 'yar gida ce, ba ta waje ba, kuma da farko ko leɓenta ba ta yarda a ɗaga mata. Abin da ya sasanta mu shi ne man kansa, domin mai ɗanɗanon naman kaza ne. Na fara da ɗiga mata a yatsa tana lashewa, daga baya na naɗe yatsan da tsumma mai tsabta ina shafa mata a haƙoran gefe, sai da ta saba sannan na shigo da burushi. Yanzu da zarar an idar da sallar isha'i ta ga na ɗauko safar hannu, sai ta zo ta zauna a bakin zaure tana kaɗa wutsiya, kai ka ce tsire za a raba. Cikin 'yan makonni jan da ke bakin dasashinta ya washe, warin ya tafi, yaran gidan da ke toshe hanci idan ta matso suka daina. Da na kai ta rigakafin shekara, likitan ya ɗaga leɓenta ya duba, ya ce in ci gaba da abin da nake yi.

Aikin bai kai yadda ake zato wuya ba. Ba sai ka wangale masa baki ba, ɗaga leɓe kawai za ka yi ka goge bayan haƙoran, wato ɓangaren da ke fuskantar kumatu, domin nan dauɗar ta fi taruwa. Ka karkata burushin wajen dasashi, ka fi ba haƙoran sama na baya ƙarfi, minti ɗaya ya wadatar. Kullum ya fi, idan kuma hakan ya gagara, kada ya gaza sau 3 a mako. Safar hannu ta roba tana raba ka da miyau, wanda na san yana damun da yawa daga cikinmu, sannan kada ka kai hannu bakin karen da ba a yi wa rigakafin haukan kare ba, tunda ta miyau cutar ke yaɗuwa.

Kada kuma wani ya ce maka makilin ɗinmu na mutane zai yi. Kare ba ya tofarwa, haɗiyewa yake yi, kuma fulorayid ɗin da ke ciki yana ɓata masa ciki. Mafi muni shi ne wani sinadarin zaƙi da ake rubuta sunansa xylitol a jikin kwali, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci, har yakan lalata hanta. Idan man karnuka ya yanke maka, burushi da ruwa zalla sun fi makilin sau dubu, domin gogewar ce ainihin aikin.

Sandunan tauna kuwa, na taɓa sayen leda guda, karyar tamu ta gutsura kowace sanda biyu ta haɗiye, kuɗin ya bi ruwa. Ba zan ce ba su da amfani kwata-kwata ba. Akwai wata majalisar likitocin haƙoran dabbobi a Amurka mai suna VOHC, wadda ke ba da hatiminta ga kayan da gwaji ya nuna suna rage dauɗa, kuma masu wannan hatimi suna ɗan taimaka wa karen da ke tsayawa ya tauna. Sai dai haƙoran da yake taunawa da su kaɗai suke gogewa, fiƙoƙi da haƙoran gaba ba sa samun komai, ga shi sai ka ba da guda kowace rana, alhali bututun man goge baki ɗaya yana ɗaukar watanni.

Wasu za su ce ka bar duk wannan ka karɓo ƙashin saniya wajen mahauci. Ƙashin ƙafa mai tauri yana kankare ɓawo, gaskiya ne, amma shi ne kuma ya fi yawan tsaga babban haƙorin sama na baya wanda kare ke yanka nama da shi, kuma idan ya tsage har jijiya, sai cirewa ko aiki mai tsada. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana farfashewa ya yi tsini. Duk abin da ka danna da farcen babban yatsa bai lotsa ba, ya yi wa haƙorin kare tauri.

Ba ka tambaya ba, amma sai na ja maka kunne kan masu sayarwa. Kayan nan kusan duk daga waje ake shigo da su, ba sa tafiya da sauri, don haka sukan daɗe a shago cikin zafi, wasu marasa tsoron Allah kuma sukan manna sabuwar takarda a kan ranar lalacewa. Ka duba ranar da aka buga a jikin bututun kansa, ba ta kwali kaɗai ba, ka karanta abin da aka haɗa shi da shi, kuma kada ka karɓi man da aka ɗura a robar da ba ta da suna. Hatimin VOHC ma ana iya buga shi na jabu, amma majalisar tana da jerin kayan da ta amince da su a intanet, dubawa ba ta cin minti biyu. Mai tallan ruwan ɗigawa da ke cewa yana narkar da ɓawon haƙori cikin kwana uku, wuce shi kawai.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗaga leɓen karen ka duba da kyau. Idan ɓawon ya riga ya yi kauri, ko dasashi na jini, ko yana tauna da gefe ɗaya, ko ka ga kumburi a ƙarƙashin ido, to burushi da sanda duk ba za su cire shi ba, gogewar ma za ta yi masa zafi ya tsani burushin. Wannan aikin likitan dabbobi ne, wanda zai sa shi barci da allura ya kankare har ƙarƙashin dasashi, ya cire haƙorin da ya mutu. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da takwarorinsa na Sakkwato da Maiduguri, wurare ne da za ka fara tambaya idan suna kusa da kai. Wanda ya ce zai zo gida ya danne karen ya kankare masa da ƙarfe ido biyu, saman haƙorin kawai zai farar maka ya bar ciwon a ƙasa. Bayan likita ya wanke bakin, ka tambaye shi ranar da dasashin zai warke har a fara sa burushi.