Kantin da ke shirya wa Baba magungunansa a Agege

Wata huɗu ke nan da na mayar da sayen magungunan mahaifina zuwa wani kanti da ke kusa da gidanmu a unguwar Agege ta Legas, saboda suna jera wa majiyyaci ƙwayoyinsa na mako guda a cikin akwati mai ɗakuna, na safe daban, na dare daban. Baba yana fama da hawan jini da ciwon suga, ƙwaya shida yake sha kullum, kuma a da sau da yawa mukan tsinci ta dare a aljihun rigarsa bayan ya tafi kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin mai harhaɗa magungunan. Tana duba takardar likita, ta nuna mini lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin kowane kwali kafin ta ɓare shi, sannan ta tambayi Baba da ladabi: "Alhaji, ya ƙafar?" Wannan tambayar ce ta sa aka gane kumburin ƙafarsa yana da nasaba da amlodipine, maganin hawan jini da yake sha. Likita ya rage masa adadin, sai dai ƙwayar da ya saba sha ta haɗa amlodipine da valsartan, wani maganin hawan jinin, ne a ma'aunin da masana'anta ta tsayar, don haka dole aka raba su, shida suka koma bakwai.

A nan hidimar ta kai iyakarta, kuma ba laifin kantin ba ne. Mai harhaɗa magungunan da kanta ta ba ni labarin na'urar 3D mai gina ƙwaya hawa-hawa, kowane hawa da maganinsa da adadin da likita ya rubuta wa mutum ɗaya. Na bi diddigin zancen. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, maganin farfaɗiya na kamfanin Aprecia wanda ke narkewa a baki da kurɓin ruwa, shi ne magani na farko da aka yi da na'urar 3D da hukumar ta amince da shi. A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka haɗa magunguna biyar na zuciya da hawan jini a ƙwaya ɗaya, wasu suna fita nan take, wasu a hankali. Da Baba zai samu irin wannan, da an rage amlodipine kawai, sauran suna nan yadda suke. Kantinmu ba shi da na'urar, hannu da idon wannan baiwar Allah ne ke yin aikin.

Ƙorafina ɗaya ne. Da damina ta kankama a Legas, wasu ƙwayoyin da aka ciro daga takardarsu sun yi laushi saboda laima kafin mako ya ƙare, kuma ba a gargaɗe mu tun farko ba. Da na yi magana, sai suka fara yanka takardar suna saka kowace ƙwaya a rufe.

Farashinsu ya ɗan ɗara na kasuwar magunguna ta Idumota, amma zan ci gaba da zuwa. Duk mai dattijo a gida da ke shan magunguna da yawa, ya tafi da takardar likita ta baya-bayan nan, ya kuma nemi a bar ƙwayoyin a rufe.