Kafin ka biya kuɗin sunan shafinka: .com ko .ng, kuma a hannun wa?

Duk mai sana'ar dukanci ko fataucin albasa a Sakkwato, ko mai makarantar kuɗi, da ya yanke shawarar buɗe shafin intanet, abin da zai fara biya wa kuɗi shi ne suna, wanda masu harkar ke kira domen. Ya kamata a sani tun farko cewa ba sayen sunan ake yi ba, haya ce irin ta rumfar kasuwa wadda ake sabuntawa shekara-shekara, kuma idan aka daina biya wani yana iya shiga.

Zaɓin farko shi ne ƙarshen sunan. Kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da kundin .com, kuma da dala ake yanka farashinsa, shi ya sa tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 masu irin wannan suna suka ga kuɗin sabuntawa ya yi tsalle. Shi kuwa .ng, na Najeriya, yana hannun ƙungiyar NiRA mai kula da rajistarsa, wadda aka kafa a 2005, kuma dillalanta na cikin gida, wato kamfanonin da ke yi wa mutane rajistar suna, da naira suke lissafi. A ƙarƙashinsa akwai .com.ng, wanda ya fi .ng zalla araha, da .org.ng na ƙungiyoyi, da .sch.ng na makarantun firamare da sakandare. Akwai kuma waɗanda kuɗi kaɗai ba ya ba da su, kamar .gov.ng na hukumomi da .edu.ng na manyan makarantu, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take da udusok.edu.ng. A ganina, wanda masu sayen kayansa ke tsakanin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, .com.ng ya ishe shi. Mai aika kayan fata ƙasashen waje ne ya fi bukatar .com.

A kula da rubutun sunan, domin ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin haruffan da aka saba rajista da su, saboda haka a zaɓi kalmar da ba za ta canza ma'ana ba idan aka cire mata lanƙwasa. Haka kuma wasu za su buga Sokoto, wasu Sakkwato, kuma mai hali yana iya kama duka biyun ya juya ɗaya zuwa ɗaya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaɓen dillali, domin ido yana tafiya ga farashin shekarar farko, alhali kuɗin sabuntawa ne za a yi ta biya. Abin da ya fi farashin muhimmanci shi ne ko dillalin zai ba ka ikon taɓa kundin sunanka, wato zon. Tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙira a 1983, shi ke mayar da suna zuwa lambar kwamfutar da shafi yake ciki, kuma a cikin wannan kundi ake rubuta bayanan. Bayanin A yana nuna lambar sabar, wato kwamfutar da shafin yake ciki, MX yana faɗin inda za a kai imel, CNAME yana jingina wani suna ga wani, TXT yana taimakawa wajen tabbatar da cewa imel ɗinka ba na jabu ba ne, NS kuma yana faɗin sabar da ke da hurumin amsa tambaya a kan sunan. Kowane bayani yana da wa'adin da ake kira TTL, wato tsawon lokacin da sauran kwamfutoci ke riƙe shi kafin su sake tambaya, wanda ake ƙidaya da daƙiƙa, shi ya sa gyaran da aka yi da safe wani lokaci ba ya bayyana wa kowa nan take.

Kundin yana iya zama a wurin dillalin, ko a kamfanin da ke ajiye shafin, ko a wani kamfani na daban irin su Cloudflare, wanda ke yin wannan aiki kyauta. Ajiye shi a wurin mai ajiye shafi ya fi sauƙi, amma ranar da kuka saɓa, shafi da imel za su tsaya tare. Ni na fi son suna ya zauna wuri guda, shafi kuma wani wuri.

Na taɓa ba wani mai gina shafuka kuɗi ya kama mini suna, ashe da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar. Da ya bar gari wa'adi ya cika, saƙon gargaɗi ya tafi gare shi, ni kuwa sai da wani abokin ciniki ya kira ni ya ce shafin ba ya buɗewa sannan na sani. Saboda haka ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗin da kake dubawa, kuma ka tambayi dillalin yadda ake karɓar lambar sirrin da ake ƙaura da suna zuwa wani dillali. A .com ba a yin wannan ƙaura sai bayan kwana 60 da rajista, kuma idan dillali ya soke sunan da wa'adinsa ya wuce, kwana 30 ne kawai ake da su na fansarsa, a farashin da ya fi na sabuntawa nesa ba kusa ba.