Robar baki ta farmasi ko wadda likita ya auna? Amsa ga ƙanwata ta Marwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai ɗinki, na ga tambayarki tun shekaranjiya, hidimar gida ce ta hana ni zama. Kin ce wata huɗu ke nan kina tashi da muƙamuƙi a gajiye kamar kin kwana kina gwaguyar goruba, gaban kunnenki na dama yana yin ƙas in kin yi hamma, maigidanki kuma yana jin ƙarar haƙoranki cikin dare. Likitan haƙori ya ce a yi miki abin da suke kira gutiyer, robar da ake auna ta da bakin mutum. Yayanki ya ce asarar kuɗi ce, ga irinta nan a farmasi da shagon kayan wasanni, a tsoma a ruwan zafi a ciza, magana ta ƙare. Kina so a jera miki su ki zaɓa.

Ni ba likita ba ce. Na dai yi shekaru a nan Garwa ina tsaye a gefen kujerar likitan haƙori, ni ke kwaɓa garin awo, ni ke miƙa kaya, kuma ni kaina na kwana da kowacce daga cikin robobin nan biyu a bakina.

Ki sa yatsa a gaban kunnenki ki buɗe baki. Abin da kika ji yana zamewa gaba shi ne kan ƙashin muƙamuƙi, yana motsi a cikin wani ɗan rami na ƙoƙon kai, da wani ɗan faifai na guringuntsi a tsakaninsu kamar gammo. In faifan ya goce gaba, to duk buɗe baki sai ƙashin ya tsallake shi ya koma mazauninsa, ƙas ɗin da kike ji ke nan. Amma yawancin ciwon da mutane ke kawowa daga naman tauna yake, na kumatu da na gefen kai, waɗanda suka wuni suna aiki suka kuma kwana suna aiki. Kusancin wurin da kunne ya sa mata da yawa sai sun gama ɗiga magunguna a kunne kafin su iso wurinmu. Tun a 1934 wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ya rubuta cewa wasu masu kukan kunne muƙamuƙi ne ke damunsu. Shi ya ɗora laifin a kan rashin turamen baya, daga baya likitoci suka gane lamarin ya fi haka rassa.

To ga robobin. Ke da kike ɗinki kin fi ni sanin bambancin rigar gwanjo da wadda aka auna kafaɗa da ƙirji aka yanka. Ta farmasi ɗin asalinta ta 'yan dambe ce da 'yan wasa, an yi ta don ta tare naushi na ɗan lokaci, mutum yana farke. Laushi gare ta, kauri gare ta. Kina tsoma ta a ruwan zafi ta yi taushi, ki sa a baki ki ciza, ta ɗauki shatin haƙoranki yadda cizon ya zo a wannan daƙiƙar. In kin karkata, ta karkata ke nan har abada. Daren farko da na kwana da ita na farka na tarar da ita a ƙarƙashin matashi, yawu ya jiƙa zanen gado. Dare na uku ta zauna, amma na tashi kumatuna sun fi na da tsami. Dalilin bai da wuyar ganewa: abu mai laushi a tsakanin haƙora kiran tauna yake yi, kamar a ba yaro cingam a ce kada ya tauna. Ba kowa take yi wa haka ba, akwai waɗanda ta ɗan rage wa zafi na 'yan kwanaki, amma mai cizon haƙora da ƙarfi yakan huda ta cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da ita shi ne tsawo. Sau da yawa ba ta kaiwa turmin ƙarshe, ko mutum ya datse bayanta da almakashi saboda tana sa shi yunƙurin amai. Haƙorin da aka bari ba abokin karo yakan ƙara fitowa a hankali. Bayan watanni sai mutum ya cire roba ya ga haƙoransa ba sa haɗuwa yadda suka saba, ya zo neman maganin ciwo ɗaya ya koma da biyu.

Ta likita kuwa tauri gare ta, garau kamar gilashi, kaurinta a wajen turame bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Irin wadda aka fi yi ana ce mata ta Michigan, don a jami'ar Michigan ta Amurka aka daidaita tsarinta tun wajajen 1960. Tana rufe haƙoran sama duka, ba a barin ko ɗaya, samanta kuma a shafe yake sumul don haƙoran ƙasa su taɓa ta gaba ɗaya su kuma iya zamewa ba tare da sun maƙale ba.

Yadda ake yin ta shi ne inda kuɗin ke tafiya. Ana kwaɓa wani gari ya zama kamar kunun da ya yi kauri, a zuba a cokalin awo mai siffar kofaton doki, a danna a haƙora minti biyu ko uku har ya daskare. A zafin Garwa na watan Afrilu sai da ruwan firiji nake kwaɓawa, in ba haka ba kafin in miƙa wa likita ya sandare a hannuna. Sai a zuba farar ƙasa a cikin shatin nan da nan, a fitar da haƙoranki na dutse, a aika wa mai haɗa haƙoran roba. Ranar da kika dawo karɓa, likita zai sa miki wata siririyar takarda mai shuɗi a tsakanin roba da haƙoran ƙasa ya ce ki ciza, ki goga hagu da dama. Duk inda shuɗin ya yi yawa ya nuna wurin ya fi tudu, sai ya kankare da injin hannu, a sake cizawa, a sake kankarewa, har ɗigon shuɗi ya jeru daidai a kowane haƙori. Na sha ganin an shafe rabin sa'a a kan wannan kaɗai. Bayan mako ɗaya ko biyu sai kin sake dawowa, domin in naman tauna ya saki, cizon yakan canja, a sake gyara.

A nan nake so ki tsaya ki yi lissafi, ƙanwata. Robar da aka auna amma ba a zauna an gyara ta a bakinki ba, tsadarta kawai ta fi ta farmasi. Na san mata da suka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere suka kwana a hanya zuwa Yawunde, aka yi musu mai kyau, suka dawo arewa, tana danna haƙori ɗaya, ba mai gyarawa, ta ƙare a cikin kwalla tare da sarƙoƙin biki. Likitocin haƙori sun fi taruwa a Yawunde da Duwala, wannan kowa ya sani. Tun da naki yana nan Marwa, ki tambaye shi ƙarara kafin ki ba da ko sefa ɗaya: kuɗin ya haɗa da dawowa gyara? Sau nawa? Mai tauri ce ko mai laushi? Domin akwai wadda ake aunawa a asibiti amma laushi gare ta, ana narka falle na roba a kan haƙoran dutse. Ta fi ta farmasi zama a baki nesa ba kusa ba, ta fi mai tauri araha, sai dai ba ta kankaruwa da kyau kuma ita ma tana iya jawo tauna.

Akwai wasu iri biyu da za ki iya jin an ambata. Ɗaya tana turo muƙamuƙin ƙasa gaba don faifan nan ya daina gocewa. Tana kashe ƙas ɗin a wasu mutane, amma in aka daɗe ana sa ta dare da rana tana iya barin turamen baya ba sa haɗuwa. Ɗayar ƙarama ce, haƙoran gaba kawai take hawa, ita ma tana iya canja cizo, ga tsoron haɗiyewa cikin barci. Kada ki karɓi ɗaya daga cikinsu sai a hannun likitan da zai riƙa ganinki a kai a kai.

Yanzu ga abin da yayanki zai ji daɗin ji, ko da yake ba ta hanyar da yake zato ba. Ko mai tsadar ba a tabbatar tana warkar da ciwon ba. Aikin da ba a jayayya a kansa shi ne tana shiga tsakanin haƙora, robar ta cinye maimakon haƙori. Ba ta hana cizon, mutum yana ci gaba da abinsa a kanta, ni tawa har kwari fiƙoƙina suka yi mata. Batun zafi kuwa, wasu suna samun sauƙi sosai, wasu ba sa ganin komai. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta fitar da shawarar masana kan ciwon muƙamuƙin da ya wuce wata uku, irin naki. Abin da suka sa a gaba shi ne motsa muƙamuƙi da miƙar da shi a ƙarƙashin kulawar masani, da matsa wuraren da naman ya ƙulle, da gyaran zaman wuya da kafaɗa, da koyon sarrafa damuwa. Robar baki ba su ƙarfafa ta ba don maganin zafi. Duk abin da zai canja cizo har abada kuwa sun ce a guje shi. Saboda haka in wani ya ce zai kankare haƙoranki na gaske don su daidaita, ki ɗauki mayafinki.

Ashe kwatancen ba na biyu ba ne, akwai na uku da ba a sayarwa. Haƙoran sama da na ƙasa ba a yi su don su wuni a manne ba. In aka tara duk lokacin da suke haɗuwa wajen tauna da haɗiya a yini guda, bai kai rabin sa'a ba. Sauran lokacin leɓe a rufe, haƙora a rabe, kan harshe a bayan haƙoran sama kamar za ki ce "na". Yanzu da kike karanta wannan, ina haƙoranki suke? Na kusa rantsewa a manne. Kuma na san ku masu ɗinki: allura a baki, zare a yanke da haƙori, wuya a sunkuye kan keke, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa ana rigima da mai kayan da ba a gama ba, ga Salla ta matso. Ki ɗaura wani jan ƙyalle a jikin keken, duk sanda idonki ya faɗa kansa ki saki muƙamuƙi.

Na mako biyu zuwa uku ki huta da kilishi, da rake, da aya, da goro, da gasasshiyar masara, da cingam. Tsire ma a yanka miki ƙanana. Ki koma tuwo mai laushi da miyar kuka, da kunu, da kifin Binuwai in kin samu. Tsumma mai ɗumi a kumatu minti 10 zuwa 15, safe da dare. In hamma ta zo ki tallafe haɓa da hannu. Shayi mai kauri da Nescafé bayan la'asar suna lalata barci, lalataccen barci kuma abokin cizon haƙora ne. Ibuprofen yana taimakawa na 'yan kwanaki, amma ba ga mai ciki ba, ba ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, kuma ba da cikin wofi ba. Tramol ɗin da ake sayarwa a bakin titi kam kada ma ya shigo zancen.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Ta farmasi ba zan saya ba, sai dai in haƙori yana neman fashewa kuma ba yadda za a yi, in sa ta 'yan kwanaki kafin in ga likita. Zan fara da abubuwan nan na kyauta yau, in riƙe su da gaske wata guda. Sannan in duba madubi: in bakin haƙoran gaba ya shafe ya yi lebur kamar an goga a dutse, ko suna tsami da ruwan sanyi, ko gefen harshe ya yi shatin haƙora, to robar likita ta cancanci kuɗinta, tun da maigida ma ya ba da shaida, haƙori kuma in ya cinye ba ya tsirowa. In haƙoran lafiya lau suke, zafin ma ya ja baya, ƙas ɗin kaɗai ba abin kashe kuɗi ba ne, mutane da yawa suna yawo da shi ba ya hana su komai. Abu ɗaya: in kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana yankewa, ki faɗa wa likita kafin a auna, don robar sama tana iya ƙara wa wasu wannan matsalar.

Wasu alamomin kuma ba na roba ba ne sam. Baki mai lafiya yana ɗaukar yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, wajen milimita 40 ko fiye. In naki ya kulle rana ɗaya ya ƙi wuce yatsa biyu, ko ya buɗe ya ƙi rufuwa, ko kumatu ya kumbura da zazzaɓi, asibiti za ki a ranar, don ruɓaɓɓen turmi ma yana kulle baki. In muƙamuƙi ya sandare bayan ƙusa ko wani ƙarfe ya soki mutum, ko bayan haihuwa a gida, a yi tunanin tatanas, a tafi ko da tsakar dare ne. Haka ciwon muƙamuƙin da ke zuwa da nauyin ƙirji in an yi tafiya ko an hau tudu, wannan zuciya ake dubawa.

In kin yi ta, da dare kawai za ki sa sai in likita ya ce wani abu dabam, don haka ba ruwanta da azumi. Ki wanke baki kafin ki sa, da safe ki wanke ta da ruwan sanyi da sabulu da buroshi mai laushi. Ban da ruwan zafi, ban da barinta a taga ko a aljihun moto cikin rana, lanƙwashewa take yi. Ki sama mata akwati mai murfi, ki ɗora inda hannun yara bai kai. Tawa ta farko jikana ne ya ɗauke ta ya yi wa tunkiya haƙora, sai a bakin turke muka tsinci rabinta.