Tsatsa a tankin tsohuwar mota: wace hanya za ka kashe wa kuɗinka?

Duk wanda ya gaji Peugeot 404 ko 504, ko ya sayi tsohuwar Land Cruiser da ta daɗe a ajiye cikin wani gida a unguwar Birni ta Damagaram, ya san ciwon nan: mota ta tashi lafiya, ta yi tafiya kaɗan, sai ta fara tari ta mutu. A wanke karbireta, a canja filta, bayan kwana 2 abin ya dawo. Galibi matsalar tana can baya, cikin tanki. Motar da ta kwana shekaru da rabin tanki tana tara raɓa a ciki, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe. Man jarka da na kwalba da ake saye bakin hanya, in ba a tace shi ba, yakan ƙara nasa ruwan da datti.

Na sha wannan wahala da 404 bashe, wato a-kori-kura, ta mahaifina, shi ya sa nake son mutum ya san abin da zai saya tun kafin ya nufi kasuwar Dole.

Kada ka sayi komai sai ka ga cikin tankin da idonka. A sauke shi, a zubar da tsohon mai, a cire ma'aunin mai mai balbalo, a wanke da omo da ruwa har warin ya ragu, sannan ka haska da tocila. Ashana ko sigari kada su kusanci wurin, domin tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari: tururin da ya rage shi ne ke fashewa. In jan ƙura kawai ka gani a bango, aikinka mai sauƙi ne. In tsatsar ta yi ɓawo tana ɓanɓarowa, ka ƙwanƙwasa ƙasan tankin da bakin sukundireba. Ƙarfen da ya lotsa ko ya huje ya riga ya ba ka amsa, ba ruwan maganin da zai mayar masa da kaurinsa.

Hanya mafi araha ita ce girgiza. A zuba noti da kusoshi, ko gajeriyar sarƙa, da ɗan gazuwal ko ruwan omo, mutum 2 su riƙe su yi ta jijjigawa suna juyawa. Wasu na sa tsakuwa, ni ban so ba, don tankunan nan suna da shinge a ciki mai hana mai kaɗawa, tsakuwa kuma takan maƙale a bayansa. Noti aƙalla mayen ƙarfe zai jawo shi, ka kuma ƙidaya su kafin ka zuba. Girgiza tana sauke ɓawo ne kawai, ba ta gama aiki, amma duk hanyar da ka zaɓa daga baya, da ita za ka fara.

Daga nan sai asid, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Binegar ta girki tana cin tsatsa a hankali, kwana 2 zuwa 4, ba ta ƙona hannu, ana samunta ko'ina. Matsalarta yawa: tankin 404 ko 504 yana ɗaukar lita 50 zuwa 60, ba wanda zai cika shi da binegar, sai dai ka zuba lita 10 kana juya tankin gefe zuwa gefe kowace rana. Ga tsatsa mara zurfi ta isa.

Wanda na fi yarda da shi shi ne asid ɗin fosforik, wanda za ka ga an rubuta acide phosphorique a jikin kwalbarsa. Bambancinsa shi ne, bayan ya ci tsatsa yana barin wani shafi mai ruwan toka a jikin ƙarfen, wanda ke jinkirta dawowarta. Cikin awoyi yake aiki, ana sirka shi da ruwa yadda takardar ta ce, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Ka sa safar hannu da tabarau. Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne asid ɗin wanke tayil da masai, wato acide chlorhydrique, da kuma ruwan batir. Wani yaron garaji ya taɓa ce mini, "Alhaji, wannan minti 20 ya gama, tanki ya yi fari fes." Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, asid ɗin ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, yana cinye shafin dalma da tsofaffin tankuna ke zuwa da shi, yana shiga cikin haɗin ƙarfe ya ɓuya, kuma kafin tanki ya bushe sabuwar tsatsa ta sake rufe shi.

Kowane asid ka yi amfani da shi, ɗauraya ita ce rabin aikin, kuma mu a Damagaram mun san darajar ruwa. Ka lissafa kuɗin 'yan ga-ruwa cikin kuɗin aikin, domin sai an ɗauraye sau 3 ko 4. Bayan binegar, a bi da ruwan kanwa ya kashe tsamin da ya rage. Kanwar Manga da ke cikin kowane madafi ta wadatar, a jiƙa ta, a tace yashin.

Akwai hanyar wutar lantarki, wadda ta fi kowace tausaya wa ƙarfe. A cika tanki da ruwa, a narkar da sodar wanki kamar cokali 1 ga kowace lita 4, ko tataccen ruwan kanwa. A rataya guntun rodi ta bakin tankin, a tsare shi da katako ko roba kada ya taɓa bango ko kaɗan. Baƙar wayar cajar batir mai bolt 12 a jikin tanki, jar waya a jikin rodin. In ka juya su, tankinka ne zai yi tsatsa a maimakon rodin. Tsatsa za ta riƙa saki, rodin yana tara ƙazanta, sai a fito da shi a kankare lokaci lokaci. Kada a sa ƙarfen inoks, wato wanda ba ya tsatsa, a madadin rodi, yana sakin guba cikin ruwan, kuma a yi aikin a fili don iskar da ke tashi tana kama wuta. Rauninta biyu: tana son wuta ta kwana 1 zuwa 3, ga kuma lungun da ke bayan shinge, inda ba ya kallon rodin, ba ya fita sosai.

Magungunan waje irin su Evapo-Rust suna da kyau, ba sa cin ƙarfe, ana iya sake amfani da su, amma sai an yi odar su, kuma kuɗin lita da yawa zai iya kai na wani tankin. Haka ma shafin ciki, irin Restom na Faransa ko POR-15 na Amurka, wanda ake zubawa a juya tanki har ya lulluɓe bango. Yana toshe ƙananan huji irin na bakin allura, wannan gaskiya ne. Sai dai in an shafa shi kan danshi ko maiƙo, wata rana zai saɓule kamar fatar maciji ya toshe bututun mai, cire shi kuma ya fi cire tsatsa wuya. Ni ba na ba da shawararsa ga tankin da ba ya yoyo. In dole ne, a hura iska ta bututun mai kafin ya daskare.

Tankin da ƙasansa ya ruɓe, a nemi wani. Masu 504 sun fi sa'a, don an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, daga shekarun 1970 har tsakiyar shekarun 2000, kayanta na hannu ba su yi wuya ba a Kano. Ka haska shi da tocila shi ma kafin ka biya. Walda kuwa, sai wurin wanda ya saba da tankuna, wanda zai wanke ya cika shi da ruwa kafin ya kunna wuta.

Da a ce yau zan sake, ga tanki mai lafiyayyen ƙarfe: sarƙa, sannan fosforik, sannan bushewa nan take. Ka yi aikin da rani, ba da damina ba. A buɗe duk ƙofofin tankin, a hura iska, a shanya a ranar azahar, a ɗauraye da ɗan alkol ya kwashe sauran danshi. A ranar a ɗora shi a cika shi da mai, a sa sabon filta mai gilashi ko farar roba tsakanin tanki da fanfon mai, ka riƙa duba shi a makonnin farko.