Littattafan Yaƙi da Aljanu: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Mai neman labarin yaƙi, aljanu da bokaye a Katsina yana da hanyoyi uku a yau: tsofaffin littattafan da kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ke bugawa, littattafan yaƙi masu kashi-kashi da ake kawowa daga Kano, da labaran da ake sayarwa ta waya. Kafin ya zaro kuɗinsa, akwai aibi biyu da ya kamata ya bincika, domin su suka fi ɓata wa masu irin wannan karatu rai. Na farko shi ne soyayyar da aka cusa da ƙarfi, inda jarumin da ya fita ceton garinsu zai manta da abin da ya fitar da shi daga ganin wata budurwa a bakin rafi. Na biyu kuwa manya masu halin yara, kamar sarki mai furfura da ke shelar yaƙi saboda an harare shi, ko sarauniyar da ke kulle kanta a ɗaki don kishi alhali abokan gaba sun kewaye ganuwa.

Ma'aunin da nake amfani da shi yana nan a tarihin Daura. Auren Bayajida da Daurama ya biyo bayan kashe macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma ta wannan aure aka sami Bawo, wanda 'ya'yansa suka yi sarauta a ƙasashen Hausa. Idan aka cire auren, labarin ya rushe. Duk littafin da za a iya zare soyayyarsa ba tare da yaƙin ko tafiyar sun canza ba, liƙa masa ita aka yi don a sami kasuwa.

Tsofaffin littattafai sun fi tsira daga wannan aibi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun fito ne daga gasar ƙaga labarai ta 1933, kuma duka marubutan biyu suna da alaƙa da Katsina, domin Imam malami ne a makarantar Midil ta nan lokacin da ya rubuta nasa, Bello kuwa daga baya ya zama Walin Katsina. Haka nan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, shi ma ya tsira daga wannan aibi. Jarumansu suna da buri guda da suke bi har ƙarshe, Hausarsu kuma mai daɗi ce. Rauninsu shi ne gajarta, sannan mata ba su da wata murya a cikinsu. Mai saye ya duba bugun da kyau, saboda akwai na jabu masu dusashen tawada da ɓatattun shafuka.

Littattafan yaƙi na Kano sun fi tsawo da yawan fafatawa, amma ingancinsu ya bambanta ƙwarai. A tambayi mai shago ko kashi nawa ne labarin, kuma ko duk sun fito, sannan a lissafa kuɗin gaba ɗaya.

Labaran waya su ne suka fi buƙatar taka tsantsan, kuma a kansu nake jin takaici mafi yawa, domin a nan ne ake samun sababbin dabaru da marubuta mata masu basira, a nan ne kuma aka fi lalata labari mai kyau. Dalilin a fili yake. Marubuciya kan saki labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu suna mayar da martani nan take, kuma abin da ya fi tayar da surutu shi ne kishi, rabuwa da sasantawa. Sai ka ga labarin da ya fara da masarautar aljanu ya koma rikicin kishiyoyi, mayaƙiyar da ta fara da basira kuma ta koma mai kuka da yaji. Alfanun wannan hanya shi ne shafukan kyauta da ake bayarwa kafin a nemi biya. A karanta su da lura, musamman maganganun dattawa: shin waziri yana auna magana kamar wanda ya ga jiya, ko kuwa yana zance kamar ɗan sakandare?

Wanda bai taɓa karanta tsofaffin ba, shawarata ya fara da su. Wanda ya riga ya sha su, ya sayi kashi na ɗaya kaɗai na littafin Kano ya gwada. A waya kuwa kada ya tura kuɗi sai an tabbatar masa cewa an kammala rubuta labarin, kuma ya nemi wanda ya karanta har ƙarshe ya gaya masa ko yaƙin da aka buɗe da shi ya kai ga shafin ƙarshe.