Hayar rumfa da kujeru a Nima: addu'ar kwana bakwai ta wani mai kiwon tattabaru

Masu kiwon tattabaru na Nima da Mamobi, unguwanni a birnin Accra na Ghana, sun yi rashin ɗan uwa wanda ya kashe kansa, Allah Ya gafarta masa. Su suka ɗauki nauyin addu'ar kwana bakwai, suka yi hayar kaya a wani shago da ke bayan kasuwar Nima.

Shagon ya cancanci yabo. An kafa rumfa biyu tun da asuba, kujeru 100, tabarmi shida na malamai, an ɗaure ƙafafun rumfar da bulo saboda iska. Mai shagon bai tambayi yadda mamacin ya rasu ba, kuma ya ja kunnen yaransa kan tsegumi. Iyalan da ake yi wa kallon gefen ido sun san darajar wannan.

Inda suka gaza: rumfa ɗaya ta huje, lasifikar kuma ba ta da batir, wuta na ɗaukewa karatu ya tsaya. A buɗe tamfol a duba tun jajibere. Ruwan leda ma ba su kawowa. Jaka ɗaya guda 30 ce, mutum 100 sai jaka bakwai in kowa zai sha biyu.

Kada a buga hoton mamacin ko sanadin rasuwar sai da yardar iyalansa. A kuma sa mutum ɗaya ya riƙa ba tattabarunsa gero da ruwa safe da yamma har iyalai su yanke shawara.

Abokinsa na kusa, a riƙa leƙa shi. Tun 2023 yunƙurin kashe kai ba laifi ba ne a dokar Ghana, ana iya raka mutum Asibitin Masu Taɓin Hankali na Accra ba tsoron kamu.