Wata biyar babu jirgin ƙasa a layin da ke tsakanin Frankfurt da Mannheim: auna aikin motocin bas da suka maye gurbinsa

Ranar 15 ga Yuli, 2024, washegarin wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai da Jamus ta karɓi baƙunci, kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya rufe layin dogon da ya haɗa Frankfurt da Mannheim ruf. Ana kiran layin Riedbahn. Tsawonsa kilomita 70 ne kacal, amma jirage sama da 300 ke bi ta kansa kullum: masu dogon zango, na kaya, da ƙananan jiragen da ke kai ma'aikata da 'yan makaranta cikin birni da safe su dawo da su da yamma. Ba a sake buɗe shi ba sai tsakiyar Disamba. Jiragen dogon zango an karkatar da su ta wasu layuka biyu da ke gefe, ɗaya ta Darmstadt, ɗaya ta Mainz da Worms, tafiyarsu ta ƙaru da kusan rabin awa. Mutanen garuruwan da ke tsakiya kuwa, irin su Mörfelden, Gross-Gerau, Riedstadt, Gernsheim, Biblis, Bürstadt da Lampertheim, an ba su motocin bas. Waɗannan motocin ne abin dubawa a nan.

Sai an fahimci dalilin rufewar kafin a yi wa motocin adalci. Tsohon salon gyara shi ne faci cikin dare: a tsayar da jirage na 'yan awanni, a gyara abin da ya samu, a buɗe kafin asuba. Matsalar wannan salo lissafi ce. Kafin ma'aikaci ya taɓa ƙarfe sai an kashe wutar wayoyin sama, an haɗa su da ƙasa don kada lantarki ya kama wani, an tabbatar babu jirgi a kan layin, an shigo da injuna. Kafin gari ya waye kuma sai an kwashe komai an gwada. Abin da ya rage na ainihin aiki kaɗan ne. Ga shi kuma duk inda aka tono tsakuwar da ke riƙe da titin aka zuba sabuwa, dole jirage su riƙa tafiya a hankali a wurin har ta zauna daram. Bana a canja ƙarfe, baɗi a dawo a canja waya, shekara ta uku a zo kan sigina, fasinja kuwa kullum cikin jinkiri. A 2023 kashi 64 cikin ɗari ne kawai na jiragen dogon zango na kamfanin suka isa kan lokaci, alhali a ma'auninsu jirgin da ya makara da ƙasa da minti 6 ma ana lissafa shi cikin masu zuwa kan lokaci.

Shi ya sa aka zaɓi a yi ta ta ƙare. Cikin wata biyar aka sabunta titi kimanin kilomita 117 idan aka haɗa na zuwa da na dawowa, da mahaɗun karkatar da jirgi 152, da wayoyin lantarki na sama kimanin kilomita 140, aka gyara tashoshi 20, aka maye tsofaffin na'urorin sigina da na kwamfuta. Kuɗin da aka fara ambata Yuro miliyan 500 ne, kafin a fara aiki ya haura zuwa biliyan 1.3.

An tanadi motoci kusan 150 da direbobi kusan 400, suna yin sahu sama da 1,000 a rana. Adadin zai yi kama da almubazzaranci ga wanda bai yi lissafi ba. Jirgi mai tarago biyar masu hawa biyu yana zaunar da mutum wajen 500, da direba ɗaya. Bas mai kujera 50 sai an jera goma, da direba goma, kafin a kwashe mutanen. Kuma bas ɗin da ya tashi ba ya dawowa da wuri, domin hanyar mota ta fi tsawo ta fi cunkoso, saboda haka ana buƙatar wasu da za su cike gurbinsa kafin ya juyo. Motocin ma ba su ne suka fi wuyar samu ba. Direbobi ne. Jamus tana fama da ƙarancinsu, har sai da aka nemo wasu daga sauran ƙasashen Turai, aka koya musu hanyoyin.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne tsarin hanyoyin. Kuskuren da aka saba yi a irin wannan hidima shi ne a ce bas ya bi sawun jirgi tasha bayan tasha. Tashar jirgi sau da yawa tana can ƙarshen gari ko bayan gidaje, saboda haka bas sai ya sauka daga babban titi, ya kutsa unguwa, ya tsaya a fitilu, ya juya, ya sake fitowa. A yi haka sau goma sha biyar, tafiyar awa ɗaya ta zama ta awa biyu da wani abu. A Riedbahn an raba aikin. Akwai masu tsayawa ko'ina, suna bin babban titin B44 da ke tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da layin dogon. Akwai masu sauri da ke tsallake ƙananan garuruwa su hau babbar hanya. Akwai kuma masu tafiya a karkace, su ɗauki mutum daga garinsa su kai shi tashar wani layin da ke aiki, kamar Darmstadt, ya ƙarasa da jirgi. Wannan kashi na uku shi ne dabarar da ta ceci masu shiga birni, domin mafi munin ɓangaren tafiyar bas shi ne kilomitocin ƙarshe na shiga Frankfurt ko Mannheim da safe, lokacin da kowa ke kan titi. Jirgi ba ruwansa da wannan cunkoso.

Na biyu shi ne yawan sahu. A wurare da dama tazarar da ke tsakanin mota da mota ba ta wuce minti 5 zuwa 15 ba a lokutan da jama'a ke fita. Wannan ya fi jirgin da aka rufe yawan zuwa, kuma yana rage zafin makara: wanda mota ta wuce shi ba ya zaman awa guda.

Na uku ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda ya san yadda fasinja ke ɓacewa a bakin tasha zai gane darajarsa. An yi wa motocin fenti launin shunayya mai haske, aka yi wa allunan tsayawa da alamomin nuna hanya launi ɗaya. Mutum ya fito daga tasha, ko bai iya Jamusanci ba, launin zai bi har ya iso inda motar take. A wasu gyare-gyaren na yau da kullum ana hayar motoci ne daga kamfanoni barkatai, wannan fari, wancan mai hoton yawon shaƙatawa a jiki, da 'yar takarda a jikin gilashi ɗauke da haruffa uku, SEV, wato gajarcen sunan sufurin maye gurbin jirgi a Jamusanci. Da daddare ko cikin ruwan sama ba kowa ke hango takardar ba. A cikin motocin Riedbahn kuma akwai intanet da wurin cajin waya, ƙofofinsu na ƙasa-ƙasa ne yadda keken guragu da keken jarirai za su shiga, wasu masu dogon zango har da banɗaki.

An kuma yi gwaji tun da wuri. A Janairun 2024 an rufe layin na kusan mako uku don ayyukan share fage, aka yi amfani da damar aka ga inda jadawali ya yi ƙarya, inda wurin tsayawa ya yi wa doguwar mota kaɗan, da inda direba ke iya ɓata hanya. Kurakuran da aka gani a hunturu su aka gyara kafin bazara.

Duk da haka bas bas ne. Lokacin da ya tafi babu fentin da zai dawo da shi. Wanda ke zaune kusa da ɗaya daga cikin biranen biyu, ko kusa da layin da ke aiki, asararsa kaɗan ce. Wanda ke tsakiyar yankin, a ƙaramin gari, kuma aikinsa na can ɗaya ƙarshen, shi ya ɗauki nauyin. Idan aka ƙara masa ko da rabin awa zuwa, rabin awa dawowa, a kwana biyar na mako cikin wata biyar, ya ba da sama da awa 100 na rayuwarsa. Kuma babu diyya a kan wannan. Dokar haƙƙin fasinja ta Tarayyar Turai tana ba da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti idan aka makara da minti 60, kashi 50 idan ya kai minti 120, amma ana auna makarar ne da jadawalin da aka wallafa. Tunda jadawalin gyara ya riga ya ce tafiyar za ta yi tsawo, a idon doka ba a makara ba. Mai riƙe da Deutschlandticket, tikitin wata-wata da ke Yuro 49 a lokacin, diyyarsa Yuro 1.50 ce a kan kowace makarar awa guda, kuma ba a biya sai abin ya taru ya kai Yuro 4. Mutane ƙalilan ne za su cike takarda saboda wannan.

Wuri na biyu da abin ke tsinkewa shi ne mahaɗa tsakanin bas da jirgi. Jadawali zai ba da minti 8 ko 10 na sauya abin hawa, wanda ya isa idan titi a buɗe yake. Hatsari ɗaya a babbar hanya ya cinye su. Jirgin kuma ba zai jira ba, domin layukan gefen an riga an cika su da jiragen dogon zango da na kaya da aka karkato, jirgi ɗaya ya tsaya minti biyar ya riƙe uku a bayansa. Wannan ma wani ɓoyayyen farashi ne na rufewar: mazauna layukan gefen, waɗanda ba a taɓa titinsu ba, an rage musu wasu ƙananan jirage don a samar wa manya wuri. Dabarar da ta fi aiki ga mai sauyawa ita ce ya ɗauki motar da ke gaban wadda manhaja ta ba shi, ya yarda da zaman minti 15 a tasha.

Masu keke su ma sun ji jiki. A Jamus mutane da yawa suna hawa keke zuwa tasha, su shiga jirgi da shi, su ƙarasa wurin aiki a kansa. Bas ba shi da wurin wannan, sai dai keke mai naɗewa da ake ɗauka kamar jaka. Wurin da ke tsakiyar mota na keken guragu ne da keken jarirai, kuma idan biyu sun riga sun shiga, na uku sai ya jira ta gaba. Haka mai manyan akwatuna da ke nufin filin jirgin saman Frankfurt.

Ga wanda zai gamu da irin wannan rufewa, tunda za a ci gaba da yin ta a wasu layukan, akwai abubuwan da ke rage wahala. Tikitin jirgi shi ne tikitin bas ɗin, ba a biyan ƙari, amma a saye shi kafin a hau, a manhaja ko a injin tasha, domin direbobin irin waɗannan motoci yawanci ba sa sayarwa. A lura cewa yankin Riedbahn ya ratsa ƙungiyoyin sufuri biyu, RMV a arewa da VRN a kudu, saboda haka tikitin yanki ɗaya ba lallai ya kai mutum ɗaya ƙarshen ba. Deutschlandticket kuwa yana aiki a duka. A duba manhajar DB Navigator da daddare, a sake dubawa da safe. A karanta lambar layin da ke goshin motar, ba sunan garin ƙarshe kaɗai ba, domin mai sauri da mai tsayawa ko'ina suna iya nufar gari ɗaya, ɗaya ta ratsa garinka ɗaya ta wuce ta bayansa. Lokacin tashin bas kuma ba shi ne na jirgin da aka saba ba. Yawanci yana riga shi, don ya cim ma mahaɗa a gaba, kuma wurin tsayawarsa yana iya zama tafiyar minti biyar daga dandamalin jirgi. Masu aikin dare su fi kowa duba sahun ƙarshe.

To, an ci riba? Ta fuskar alkawarin lokaci, an cika: jirage sun fara dawowa tare da sabon jadawalin 15 ga Disamba, abin da ba a saba gani ba a manyan ayyukan gini na Jamus. Sai dai ba komai aka gama ba. Tsarin kula da gudun jirgi na zamani na Turai, ETCS, bai fara aiki a kan dukkan layin ranar buɗewa ba, an ɗage wani ɓangarensa zuwa 2025. Kuma gyara kilomita 70 bai warkar da jinkirin ƙasa baki ɗaya ba, tunda jirgin da ya makara daga Cologne ko Hamburg da makararsa yake isowa. A 2024 adadin masu zuwa kan lokaci ma sauka ya yi zuwa kashi 62.5. Alkawarin da aka yi wa mazauna yankin shi ne shekaru da dama ba tare da wani babban gini a layin ba, kuma da shi ya kamata a auna ko wata biyar ɗin sun biya.

Ita hidimar bas ɗin, a matsayinta na hidima, ta kai a kira ta mai kyau, mafi tsari fiye da abin da fasinjan Jamus ya saba samu idan ya ga haruffan SEV. Amma yanayin wurin ya taimaka mata ƙwarai: layi gajere, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, babban titi a gefe, da layukan dogo biyu na karkata, hagu da dama. Kamfanin yana da jerin hanyoyi kusan 40 da yake son yi wa irin wannan gyara. Wadda aka rufe ranar 1 ga Agusta, 2025, tsakanin Hamburg da Berlin, tsawonta kusan kilomita 280 ne, ninki huɗu na Riedbahn, kuma ta ratsa karkarar da garuruwanta ke nesa da juna, inda ba kowane gari ke da wani layin dogo a kusa da bas zai kai mutum ya ƙarasa da jirgi ba.